Amsoshin Tambayoyinku: Shin Zaɓe Kaɗai Ya Isa a Ce Ƙasa Tana Kan Dimokuraɗiyya?

Tambaya: Ni malamin makarantar firamare ne a ƙaramar hukumar Kurfey ta Tsakiya, cikin gundumar Filinge. Tun ina saurayi nake jefa ƙuri'a, kuma ajin da nake koyarwa shi ake mayarwa rumfar zaɓe duk ranar da aka fito. A fadarmu ta shayi akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu suna cewa tun 1993 Nijar ta shiga dimokuraɗiyya, tunda an yi ta zaɓe. Wasu kuma suna cewa ba mu taɓa ganin ta ba, saboda haka zaɓen ma ɓata lokaci ne. Don Allah a warware mana: in ƙasa tana yin zaɓe, ya isa a ce tana kan dimokuraɗiyya?

Amsa:  Amsar a taƙaice ita ce bai isa ba. Amma kada waɗanda ke cewa zaɓe ɓata lokaci ne su yi saurin murna, zan dawo kansu, domin su ma rabin maganar suka riƙe. Ku mutanen Kurfey kuwa ba ku da buƙatar a ɗauko muku misali daga Amurka ko Faransa, tunda darasi mafi girma kan wannan tambaya a ƙofar gidanku ya faru.

Ka tuna ranar 14 ga Nuwamba 2015. A ranar ce Hama Amadu, tsohon firaminista kuma tsohon shugaban majalisar dokoki, ya sauka a filin jirgin saman Yamai bayan ya yi fiye da shekara a Faransa. Daga saukarsa aka kama shi, aka wuce da shi gidan kason Filinge, wajen kilomita 180 daga babban birni. Tuhumar da ake masa ta shafi shari'ar nan ta safarar jarirai daga Najeriya. Gwamnati ta ce magana ce ta kotu, babu ruwan siyasa. Magoya bayansa suka ce bi-ta-da-ƙulli ne. Ba aikina ba ne in sake wannan shari'a a wannan shafi, balle mutumin ya riga mu gidan gaskiya a watan Oktoba 2024, Allah ya jiƙansa. Abin da nake so ka duba shi ne abin da ya biyo baya.

Kotun tsarin mulki ta amince da takararsa. Aka buga sunansa da hotonsa a takardar ƙuri'a. Ranar 21 ga Fabrairu 2016 mutane suka fito suka jefa ƙuri'a, shugaba Mahamadu Isufu ya samu kashi 48 cikin 100, Hama ya zo na biyu da kusan kashi 18, alhali bai hau dandali ko sau ɗaya ba, bai je Damagaram ko Maraɗi ya yi wa kowa jawabi ba. Ke nan sai an je zagaye na biyu tsakanin mutum biyu, ɗaya a fadar shugaban ƙasa, ɗaya a ɗakin kaso a Filinge. Ranar 16 ga Maris aka fitar da shi zuwa Faransa neman magani. 'Yan adawa suka ce sun janye daga zaɓen. Ranar 20 ga Maris aka buɗe rumfuna, aka ƙidaya, aka ba shugaba Isufu kashi 92 da ɗoriya.

To Malam, an yi zaɓe ko ba a yi ba? An yi. Akwati ya zo, tawada ta zo, an sa hannu a takardun sakamako. Amma kai mutumin ƙasar kokawa ne. Ka ɗauka an cika fage, makaɗa suna ta kaɗa ganga, alƙalin wasa ya hura usur, sai aka duba aka ga ɗan kokawa ɗaya ne ya shigo da ƙafafunsa, abokin karawarsa yana can an rufe shi a ɗaki. Ko da rufewar tana kan ƙa'ida, ko da wanda ya shigo fagen shi ne ya fi ƙarfi tun asali, takobin da za a ba shi ba zai yi daraja a idon 'yan kallo ba. Ni a ganina shugaba Isufu ma an rage masa wani abu a wannan rana, domin mutumin da ya samu kashi 48 a zagayen farko yana da babbar damar cin zaɓe mai tsabta, kuma da hakan aka yi da babu mai bakin magana.

Saboda haka tambayar farko da nake yi wa kowane zaɓe ita ce: mai riƙe da mulki yana iya faɗuwa a cikinsa? In amsar ita ce babu yadda za a yi ya faɗi, to biki aka yi. Tarihin ƙasarmu cike yake da irin wannan biki. A 1965 da 1970 an zaɓi Jori Hamani shugaban ƙasa shi kaɗai babu abokin takara, jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari kuwa an haramta ta tun 1959. A watan Disamba 1989 an zaɓi Ali Saibu shi kaɗai da kashi 99 da ɗoriya. Wata biyu kacal bayan wannan gagarumar ƙuri'a, ranar 9 ga Fabrairu 1990, ɗalibai suka fito zanga-zanga a gadar Kennedy, aka harbe uku daga cikinsu. Ƙuri'ar da ta kai 99 ba ta iya gaya wa mahukunta abin da ke cikin zukatan mutane ba, sai da jini ya zuba suka ji.

Na 1996 ya fi waɗannan ciwo, domin a lokacin mutane sun riga sun ɗanɗani zaɓe na gaskiya. Janar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da gwamnati ranar 27 ga Janairu, ya shirya zaɓe a ranakun 7 da 8 ga Yuli, ya tsaya takara. Ana tsakiyar aiki sai aka rushe hukumar zaɓe ta CENI, aka naɗa wata sabuwa, aka tsare sauran 'yan takara huɗu a gidajensu, aka fito da sakamako cewa ya ci tun zagayen farko da kashi 52. Ka san tiya da ake awon hatsi da ita a kasuwar Filinge ko ta Baleyara. Amfaninta shi ne mai saye da mai sayarwa duk sun yarda da ita kafin a fara awo. In ana cikin awo mai sayarwa ya ture ta ya ciro tasa daga cikin buhu, ciniki ya mutu, ko da hatsin na ƙwarai ne. Hukumar zaɓe ita ce tiyar ƙasa.

Sai kuma tazarce ta 2009, wadda ta koya mana wani abu daban. Tanja Mamadu zaɓaɓɓen shugaban ƙasa ne har sau biyu, a 1999 da 2004, kuma talakawan karkara da yawa suna ƙaunarsa da gaske. Da wa'adinsa ya kusa cika sai ya nemi ƙarin shekara uku ta hanyar zaɓen raba gardama. Kotun tsarin mulki a ƙarƙashin Salifu Fatimata Bazey ta ce doka ba ta yarda ba. Ya rushe majalisar dokoki a watan Mayu, ya rushe kotun a ƙarshen watan Yuni, aka yi ƙuri'ar ranar 4 ga Agusta, aka ce kashi 92 da rabi sun amince. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji suka ɗauke shi daga fada. A nan da ƙuri'a aka rushe dokar da ta haifi ita kanta ƙuri'ar. Wannan ne ya sa ake cewa wanda jama'a suka zaɓa ma yana da iyakar da ba ya tsallakewa, kuma dole a samu alƙalin da zai iya ce masa a'a ya kwana a gidansa lafiya, gobe ya koma bakin aikinsa.

Kada ka ce na tara maka baƙin labari kawai. A 1993 an ga abin da ake nema. Bayan taron ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 a ƙarƙashin Andire Salifu, aka shiga zaɓe da jam'iyyu barkatai. Tanja na jam'iyyar MNSD, wadda ita ce ta mulki ƙasar a baya, shi ya zo na ɗaya a zagayen farko. A zagaye na biyu sauran suka haɗa kai, Mahaman Usman ya ci, Tanja ya karɓi ƙaddara ya koma adawa. A watan Janairu 1995 kuma 'yan adawar suka samu rinjaye a majalisa, shugaban ƙasa ya zauna da firaministan da ba nasa ba. Zaman bai yi daɗi ba, rigimarsu ce ma sojoji suka kafa hujja da ita a 1996. Amma a waɗannan shekaru talaka ya ga da idonsa cewa ƙuri'arsa tana iya tayar da mai ƙarfi daga kan kujera.

In kana son ka auna abin da ya faru a Filinge da wani makamancinsa, duba Senegal a 2024. Can ma ɗan takarar adawa, Basiru Jomai Fay, yana kaso aka amince da takararsa. Shugaba Maki Sal ya ɗage zaɓen da aka shirya yi ranar 25 ga Fabrairu. Majalisar tsarin mulkin ƙasar ta soke ɗagewar, shugaban ya bi hukunci, aka saki Fay ranar 14 ga Maris, aka yi zaɓe ranar 24, ya ci da kashi 54, ɗan takarar gwamnati ya taya shi murna. Akwatin zaɓen Dakar bai fi na Yamai kyau ba. Bambancin yana wajen alƙalan da suka tsaya, da mutanen da suka ƙi yin shiru, da mai mulkin da ya ji hukunci ya bi. A Najeriya ma an ga fuska biyu: an soke zaɓen 12 ga Yuni 1993 bayan an gama shi lafiya, sannan a 2015 shugaba Jonatan ya ɗauki waya ya kira Buhari ya amsa shan kaye tun kafin a kammala bayyana sakamako.

Duk wannan maganar manya ce. Bari mu sauko inda kai da ni muke rayuwa, domin a ganina nan ne gizo ke saƙa.

Ranar zaɓe yini ɗaya ce, wa'adi kuwa shekara biyar. Na taɓa tsayawa a wata rumfa a ƙauye tun safe. Wata tsohuwa ta zo a kan amalanke, jikanta ya kama hannunta ya shigar da ita. Ta ciro katinta daga cikin leda da ta ƙulle a bakin zane, ta shiga bayan labule ta daɗe, ta fito aka tsoma yatsarta a tawada. Da ta zo wucewa ta ɗaga min yatsar tana murmushi, ta ce, "Ɗana, na sauke nauyi." Har yau ina tuna ta. Ita ta sauke nata nauyin. Tambayar ita ce, bayan an kwashe akwati an mayar da teburan yara, wace ƙofa ce ta rage mata? In famfon garinsu ya lalace wata shida, wa za ta tara ta tambaya? In awaki suka shiga gonarta, mai awakin kuma ɗan jam'iyya mai mulki ne, za a yi mata adalci? In jikan nata ya faɗi ra'ayinsa a rediyo ko a WhatsApp, zai kwana gida? Amsar waɗannan tambayoyi ita ce ke nuna ko ƙuri'arta ta haifi wani abu.

Ɗauki ƙaramar hukuma irin taku. An fara zaɓen ƙananan hukumomi a faɗin ƙasa a watan Yuli 2004, aka samu komin 265, kowace da magajin gari da kansiloli. Manufar ita ce a kawo mulki kusa da mutane, ta yadda mai biyan haraji da mai biyan kuɗin kasuwar dabbobi zai iya ganin inda kuɗinsa ya shiga. Aka sake zaɓe a watan Janairu 2011. Wa'adin shekara biyar ne, amma aka yi ta ɗagewa ana ƙara wa kansiloli lokaci har zuwa 13 ga Disamba 2020. Kusan shekara goma ke nan ba a tambayi mutanen ƙauye ko suna son magajin garinsu ba, a daidai lokacin da duniya ke lissafa Nijar cikin ƙasashe masu zaɓe. Mu ma da laifinmu. Doka ta buɗe zaman majalisar komin ga jama'a, amma mutum nawa ne a fadarku suka taɓa zuwa suka zauna suka saurari yadda aka kasafta kuɗin shekara? Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai bi sawun kansilansa shekara biyar ba, ranar zaɓe da me zai yi masa hukunci?

Ga kuma maganar sayen ƙuri'a, wadda ba na son a yi ta zagin talaka a kanta. Kowa ya ga zanen atamfa mai hoton ɗan takara, da sabulu, da sukari, da jika ɗaya ko biyu da ake damƙa wa mutum da dare. Magidancin da rumbunsa ya ƙare tun kafin damina ta sauka, aka miƙo masa jika biyu, ba rashin hankali ne ya sa ya karɓa ba. Ya lura ne cewa wannan shi ne kaɗai abin da zai gani daga hannun ɗan siyasa har wata shekara biyar. Babban laifin yana kan mai bayarwa, da kan tsarin da ya bar shi yana bayarwa babu mai tambayarsa inda ya samo. Amma sakamakon ɗaya ne: wanda ya sayi kujera yana ganin ya riga ya biya, ba ya jin ana bin sa bashin komai.

Tsaro ma yana cikin lissafi, kuma ku a jihar Tilaberi kun fi kowa sani. Ranar 21 ga Fabrairu 2021, ranar zagaye na biyu, motar ma'aikatan zaɓe ta taka nakiya a yankin Dargol, mutum bakwai suka rasu. A tsakiyar watan Maris na wannan shekara aka tare mutane suna dawowa daga kasuwar Banibangu aka kashe 58. Mutumin da ya gudo ya bar ƙauyensa, makarantar 'ya'yansa a rufe, an hana shi hawa babur, sunansa yana cikin kundin masu zaɓe amma 'yancinsa a takarda ya tsaya. Duk da haka a ranar 2 ga Afrilu 2021 zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓen shugaba mulki karon farko a tarihin ƙasar, daga Isufu zuwa Bazum Mohamed. Abu biyun duk gaskiya ne, kuma mai son fahimtar ƙasarmu dole ya riƙe su tare.

Yanzu ga abokanka masu cewa a bar zaɓe gaba ɗaya. Na san daga inda maganarsu ta fito, kuma ban raina ta ba. Gundumarku ta ba Nijar shugabanni biyu na soja: Seyni Kunce ɗan Fandu, wanda ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974 ya riƙe har rasuwarsa a 1987, da Janar Abdurahaman Ciani ɗan Tukunus, wanda ya karɓa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Dattawa da yawa suna tuna zamanin Kunce da alheri, suna cewa ma'aikaci yana tsoron taɓa dukiyar gwamnati, kuma abincin agaji yana isa ga mai yunwa. Ba zan ƙaryata su ba. Amma a wannan zamanin ne Jori Hamani da Jibo Bakari suka yi shekaru a tsare, kuma mutane suna rage murya in za su yi maganar gwamnati. Abin da ya fi damuna shi ne duk alherin ya rataya ne a kan halin mutum ɗaya. In an dace da nagari an huta. In ba a dace ba fa? Babu ranar da aka ajiye wa talaka ya ce ya isa, sai dai a jira wata bindigar ko a jira ajali. Zaɓe, da duk aibinsa, shi ne hanyar da aka sani ta sauke mai mulki ba tare da an binne kowa ba. In tiya ta lotse gyara ta ake yi ko a sake wata, ba a cewa daga yau a daina awo kowa ya ɗiba da hannu.

A halin da ake ciki an dakatar da tsarin mulkin 2010, an rushe majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu 2024 an naɗa masu riƙo, sannan a watan Maris 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa aka tsayar da wa'adin shekara biyar na sake gina ƙasa. Ko mutum yana goyon bayan wannan ko ba ya goyon baya, tambayoyin da muka yi wa masu farar hula su ne za mu yi wa masu kaki: alƙali yana iya ce musu a'a? Ɗan jarida yana iya tambaya? Wanda ke tsare an kai shi gaban shari'a? Kuɗin jama'a ana bayyana inda suka tafi? Ba daidai ba ne mu auna wasu da tiya, wasu kuma mu ce ba sa buƙatar awo.

Kai kuma Malam, kana da abin yi wanda ya fi na yawancinmu, tunda ajinka ne rumfar. Duk ranar da aka dawo da zaɓe, kada ka jefa ƙuri'arka ka tafi gida. Ka dawo da yamma lokacin da ake zazzage akwati a kan tebur, ana ɗaga takarda ɗaya bayan ɗaya a hasken fitila, ana jan layi a kan allon da kake koyar da lissafi. Ka tsaya har wakilan 'yan takara su sa hannu, ka rubuta adadin a littafinka, ka gwada shi da wanda za a faɗa daga baya. Kafin ranar ta zo, ka sa yaran ajinka su zaɓi shugabansu da ƙuri'a a ɓoye, su ƙidaya a gaban kowa, wanda ya faɗi ya miƙa wa wanda ya ci hannu. Bayan wata uku ka tara su, ka ba wanda ya faɗi dama ya tashi ya tambayi wanda ya ci me ya yi da kuɗin alli da tsintsiya da aka damƙa masa, kuma ka tabbata an ba shi amsa.